Ƙafar da Ta Daina Ji: Maganin Gargajiya da Kimawi

Ina gaida mutanen Hawata, da na ƙauyukan bakin kogin Rahad, da na Mafaza, har zuwa masu jin mu daga Gadarif, a nan Sudan. Masu jinya, sannunku da ɗawainiya. Marasa lafiyarmu, Allah ya sa kaffara ne.

Batunmu na yau ya shafi masu ciwon daji, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa saratan. Musamman waɗanda ake yi wa ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da muke kira kimawi. Da yawansu, bayan an yi musu zagaye biyu ko uku, sai su fara kukan hannu da ƙafa. Ƙafa ta mutu. Yatsu na zugi. A gida kuma sai a ce sanyi ne, a ɗauko tukunya, a jiƙa saiwa. To, shin saiwa da ganye na warkar da wannan matsala? Abin da za mu duba ke nan. Da farko zan faɗi mene ne ciwon. Sannan mu ji abin da gwaji ya nuna kan maganin gargajiya. Daga nan mu shigo cikin gida, inda na fi son mu daɗe.

Mu fara da ciwon kansa.

A jikinmu akwai jijiyoyin jini, kowa ya san su. Akwai kuma wasu jijiyoyin daban, sirara, masu kai saƙo. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ka taka ƙaya. Su ne ke gaya mata cewa kofin shayi ya yi zafi. Sun taso daga lakar gadon baya, sun bazu ko'ina. Mafi tsawonsu su ne masu zuwa yatsun ƙafa, sai masu zuwa yatsun hannu. Wasu magungunan kimawi, garin kashe ƙwayoyin daji, suna taɓa waɗannan jijiyoyi. Duk wanda ya yi noman rani ya san cewa idan ruwa ya ragu a magudana, gonar da ke can ƙarshe ita ke fara jin ƙishi. Haka jijiya take. Wadda ta fi nisa ita ke fara jigata. Shi ya sa abin yake farawa daga yatsun ƙafa, ya hau zuwa idon sawu. Ya fara daga kan yatsun hannu, ya nufi wuyan hannu. Kuma yawanci dama da hagu tare.

Ku ji yadda yake zuwa. Uwa ta zo ɓalle wa yaro maɓallin riga, maɓalli ya ƙi kamuwa. Mai yin kisra ta shafa ƙullu a kan doka, ba ta jin zafin ƙarfen sai ta ga yatsa ya tashi. Dattijo yana jan carbi, ba ya jin ƙwayar a hannunsa. Wani yana tafiya kasuwa, takalmi ya saɓule, bai sani ba sai da yaro ya biyo shi da shi. Wata kuma da dare ba barci, tafin ƙafa na ci kamar wuta, ko ta ji kamar kiyashi na yawo a cikin fata.

Ba kowane kimawi ne ke kawo wannan ba. Ga sunayen da suka fi yi, ku duba takardar asibitinku: paclitaxel da docetaxel, da ake yawan ba masu dajin mama. Oxaliplatin, na dajin hanji. Cisplatin. Vincristine, wanda ake ba yara da manya masu dajin jini. Sai bortezomib, na dajin ɓargo. Shi oxaliplatin yana da wani hali nasa. Kwanakin farko bayan ƙarin ruwa, sanyi ne abokin gabarsa. Mutum ya taɓa ruwan randa da asuba zai yi alwala, sai ya ji hannu ya ɗauki tartsatsi. Ya kurɓi ruwan ƙanƙara, maƙogwaro ya shaƙe. Idan an sa maka wannan magani, ka sirka ruwan alwala, ka bar ruwan ƙanƙara na 'yan kwanaki.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2014 masana suka tattara bincike 31, na marasa lafiya sama da 4,000. Suka ga cewa a watan farko bayan gama kimawi, mutum 68 cikin 100 na da wannan matsala. Bayan wata uku, 60 cikin 100. Bayan wata shida zuwa sama, 30 cikin 100. Ku riƙe waɗannan lambobi, 68, 60, 30. Za mu dawo kansu, domin a cikinsu amsar rabin tambayarmu take.

Saboda haka, Inna, idan ƙafarki ta mutu bayan kimawi, ba sammu ba ne. Ba iska ba ce. Kuma ba lalle ne alamar ciwon ya bazu ba. Illar magani ce, likitoci sun san ta, suna ma jiran ki faɗa.

Yanzu sai kashi na biyu: maganin gargajiya.

Ni ba na cikin masu raina itatuwa. Ta yaya zan raina su? Shi paclitaxel ɗin nan, daga ɓawon wani itace aka fara samo shi, a dazukan arewa maso yammacin Amurka. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, su suka bayyana sirrinsa a 1971. Shi kuma vincristine, daga wata fure aka tace shi, 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda ake shukawa don ado a tsakar gida. Tun 1963 ake amfani da shi. Kun ji? Magani biyu daga tsiro, suna kashe daji, kuma su ne dai ke lalata jijiya. Don haka maganar nan da ake yi, wai ai ganye ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba, ba gaskiya ba ce. Ganye yana da ƙarfi. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Kuma kada wani ya ji wannan ya je ya tsinko furen nan ya dafa. Ɗan mitsitsin magani ake tacewa daga tarin ganye, a auna shi daidai da jikin mutum, a sa ta jijiyar jini. Dafa shi a tukunya guba ce kawai.

To an taɓa gwada maganin gargajiya a kan wannan mutuwar ƙafa? An gwada. Ku saurari labarin Japan da kyau.

Mutanen Japan suna da tsohon tsarin maganin gargajiya, kuma likitocin asibiti ma suna rubuta shi. A ciki akwai wani haɗi mai suna goshajinkigan, na tsirrai goma. An daɗe ana ba tsofaffi masu ciwon ƙafa da masu ciwon sukari. Ƙananan gwaje-gwaje na farko suka nuna kamar yana kare jijiya daga oxaliplatin. Likitoci suka yi murna. Sai aka ce a yi babban gwaji. Aka samo masu dajin hanji da aka yi wa tiyata, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su haɗin na gaskiya. Ɗaya kashin aka ba su gari mai kama da shi, amma ba magani a ciki. Mara lafiya bai san wanne ya samu ba. Likitansa ma bai sani ba. Haka ake gwaji na adalci.

Sakamakon ya fito a 2015. A cikin masu shan maganin gargajiyar, kusan 51 cikin 100 jijiyarsu ta taɓu sosai. A cikin masu shan garin da ba komai a ciki, 31 cikin 100. Na sake faɗa. Masu shan maganin sun fi masu shan garin banza jigata. Tun kafin a kai ƙarshe aka dakatar da gwajin.

Wannan magani ne mai tarihi, mai tsabta, wanda aka auna a masana'anta. Likitoci sun yarda da shi da zuciya ɗaya. Amma da aka ɗora shi a sikeli, bai ba da abin da ake zato ba. A ƙasar Sin ma akwai wasu haɗe-haɗe da ƙananan gwaje-gwaje suka yaba, ana ci gaba da bincike a kansu, kuma muna fatan alheri. Sai dai a shekarar 2020, da babbar ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta sake tace duk binciken da ke hannu, ta ce babu wani magani, na asibiti ko na ganye, da za ta ce a sha don rigakafin wannan matsala. Har ta yi gargaɗi kan wani ƙarin abinci na kanti, acetyl-L-carnitine, domin gwaji ya nuna yana ƙara ta'azzara ta.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, to ai maƙwabciyata ta sha garad, wato bagaruwa, ta sha ganyen hargal wata huɗu, ƙafarta ta dawo. Na yarda ƙafarta ta dawo, alhamdu lillahi. Amma ku tuno lambobin nan: 68, 60, 30. Fiye da rabin masu matsalar, jijiyarsu na farfaɗowa da kanta a cikin watanni, ko sun sha wani abu ko ba su sha ba. Jijiya na tsirowa, a hankali ƙwarai. Duk abin da mutum ke sha a waɗannan watanni, shi zai kwashi yabo. Akwai kuma kishiyar haka. Da cisplatin da oxaliplatin, wani lokaci bayan an gama kimawi ƙafa ta kan ƙara tsanani na wata biyu ko uku kafin ta fara sauƙi. Mutum sai ya firgita, ya ce asibiti sun kashe shi, ya bazama neman magani ko'ina. Alhali halin maganin ne, kuma yakan lafa.

Ga kashi na uku. Mu shigo gida.

Mun san halin da ake ciki. Da can mai ciwon daji daga nan yakan nufi asibitin Zarra a Khartum, ko cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. A Disambar shekarar ya iso Madani. Marasa lafiya suka watsu, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu Marawi. Hanya ta yi tsada. Magani ya yi wuya. Da damina kuma laka ta tare mota. Mai saiwa yana nan kusa, yana jin Hausa, yana sauraronka har ka gama magana, kuma zai ɗaga maka ƙafa in ba ka da kuɗi. Wanda ya je wurinsa ba wawa ba ne. Ba na zargin kowa. Abin da nake roƙo shi ne a san inda haɗari yake.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne wuta. Iyayena mata, da ku nake. Idan ƙafa ta yi sanyi ta mutu, abin da zuciya ke rayawa shi ne a gasa ta. A zauna a dukhan, wato turaren hayaƙi. A miƙa ƙafa bakin kanun, wato murhun garwashi. A tsoma ta cikin ruwan zafi da ganye. To ƙafar da ta daina ji ba za ta gaya miki ta ƙone ba. Mai lafiya, zafi na taɓa shi zai janye. Ke ba za ki janye ba, domin saƙon bai iso ba. Sai da safe a ga fata ta saɓule. Kuma mai shan kimawi, ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta sun ragu, ƙaramin gyambo na iya zama babban abu. Don Allah, ƙafar da ba ta ji, a nisanta ta da garwashi. Ruwan wanka kuwa, a sa wani ya taɓa, ko ki gwada da gwiwar hannu, inda ji bai tafi ba. A nisanta ta da garwashi, na sake faɗa.

Haka ƙaho, da tsaga, da sakiya da ƙarfe mai zafi. Wanzamai, ina girmama sana'arku, gadon iyaye ce. Amma kimawi yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya tsaya. Tsaga biyu na iya zubar da jinin da zai ƙi tsayawa, ga kuma ƙofa an buɗe wa ƙwayoyin cuta. Idan mutum ya zo maka, Baba, ka tambaye shi: ana yi maka kimawi? In ya ce e, ka mayar da aska kube. Nonon tunfafiya ma, da wasu ke shafawa, yana cin fata. Kada a sa.

Sai abin sha. A nan a bambanta abinci da magani. Zoɓo a kofi, kunun tsamiya, miyar kuka, citta a shayi, 'yar habbatus sauda a abinci, wannan cimarmu ce, ba wanda ya hana, sai in likitanka ya ce ka bar wani abu. Inda matsala take shi ne jiƙo mai kauri, kofi uku a rana, mako da makonni, ko garin da aka ƙulla a leda ba wanda ya san abin da ke ciki. Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan kimawi, ƙoda kuma na fitar da wasu. Wani tsiron yana sa hanta ta yi sauri, maganin daji ya fita bai yi aiki ba. Wani yana sa ta yi nawa, maganin ya taru ya zama guba, jijiya ta ƙara lalacewa. An auna wannan a zahiri. Akwai wani ganye da Turawa ke sha don damuwa, ana ce masa St John's wort. A 2002, a ƙasar Holan, aka ba masu shan kimawin irinotecan, sai ƙarfin maganin a jininsu ya faɗi da kashi 42 cikin 100. Mu matso kusa. Garehul ɗin nan da ake kawowa daga lambunan Kasala, ɗan itace ne mai kyau, amma yana rage aikin sinadarin jiki da ke narkar da magunguna da dama. Mai shan kimawi ya tambayi likita kafin ya sha. Hulba tana sauke sukari, zoɓo mai yawa yana sauke hawan jini. Cisplatin kuwa dama yana wahalar da ƙoda, bai kamata a ɗora mata jiƙon da ba a san shi ba.

Kada a ɗauka na kanti ya tsira. Bitamin B6, da ake sayarwa a matsayin maganin jijiya, idan aka daɗe ana shan mai yawa shi kansa yana lalata jijiya. Tramadol na kasuwa kuma, kun ga abin da ya yi wa matasanmu. Kada a fara shi ba da takardar likita ba.

To me za a yi? Ga abin da ya fi kowane magani: ka faɗa da wuri. Ranar da ka fara jin yatsu na zugi, ka gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya, kafin a ɗaura maka ruwa na gaba. Da yawa suna ɓoyewa. Suna tsoron kada a ce an dakatar da kimawi bayan sun sha wahalar hanya, sun sayar da riɗi, sun sayar da akuya. Na fahimci wannan tsoro. Amma likita na da dabaru. Zai iya rage yawan maganin. Zai iya jinkirta zagaye. Zai iya sauya wani da wani. In ka yi shiru har maɓalli ya gagare ka, har kana faɗuwa, wataƙila ɓarnar ta zauna ke nan. Kuma kada ka yanke kimawi da kanka. Faɗa da wuri, ka bar shawara a hannunsa.

Idan kana shan jiƙo, shi ma ka faɗa. Ka ƙulla saiwar a leda, ka tafi da ita, ka ajiye a teburin likita. Ka ce ga abin da nake sha, kofi kaza a rana. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, ku kuma kada ku yi faɗa. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, sha kuwa ba zai daina ba.

Ga masu zugi da raɗaɗi, akwai magani ɗaya da gwaji ya tsaya masa, sunansa duloxetine. A gwajin da aka buga a 2013, na mutum 231, kashi 59 cikin 100 na masu shan sa sun ce zafi ya ragu, a ɓangaren da ba a ba su maganin na gaskiya ba kuma 38. Sauƙi ne yake kawowa, ba ya dawo da ji. Asalinsa maganin damuwa ne, don haka in ka ga haka a takardar kwalin kada ka ce likita ya ɗauke ka mai taɓin hankali. Yakan sa tashin zuciya ko jin barci da farko. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. In babu shi, likita na da wasu da zai gwada.

A gida kuma akwai abin yi, kuma ba ya cin kuɗi. Tafiya kaɗan kullum, safe ko yamma, a fili mai kyau, da sanda in ana tangaɗi. Motsa yatsu. Tausa mai laushi da man riɗi, wanda Allah ya hore mana a ƙasar Gadarif. Ba zai tsirar da jijiya ba, amma yana hana faso, yana sanyaya rai, kuma mai tausar zai ga ciwon da mai ƙafar bai ji ba. Kowane dare a haska tocila a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Ƙaya, tsagewa, kumburi, ja. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. A zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama da tsakuwa. Mai ciwon sukari ya ninka kula, domin sukari ma cin jijiya yake.

Kafin lokaci ya cim mana, ga alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi a lokacin kimawi, in ma'auni ya kai 38, ko jiki na kakkarwa. Ƙafafu su saki farat ɗaya, musamman tare da ciwon baya, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Wannan na iya zama ciwon ne ya danne laka, kuma awoyi ne ke raba tafiya da zama. Ɓari ɗaya na jiki ya mutu, ko baki ya karkace. Mai karɓar vincristine ya yi kwanaki ba bayan gida, ciki ya kumbura, yana amai. Gyambo a ƙafa ya fara ruwa ko wari. Ko jini ya ƙi tsayawa. In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota, a nufi asibitin Hawata ko mafi kusa, a riƙe takardun kimawi a hannu, a nuna su tun daga bakin ƙofa.

Nan za mu dakata a shirin yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.